Ta ya zan nuna ma masu ɗaukar aiki cewa na iya bakend, tunda ba abin da ake gani da ido?

Ɗan_Gwandu:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar kod ku taimaka min da shawara, abin nan ya fara isata wlh. Ina nan Birnin Kebbi, na gama HND na yi bautar ƙasa na dawo gida, kusan shekara biyu ke nan ina kan bakend, wato ɓangaren manhaja da ke aiki a bayan fage, Python da Django da PostgreSQL, na ɗan taɓa FastAPI. Abokina da muka fara tare shi furontend ya bi, wato ɓangaren da ake gani a allo, in an ce nuna aikinka sai dai ya zaro waya ya buɗe shafi, kaloli, hotuna na motsi, kowa ya ce masha Allah yaron nan ya iya. Ni kuwa me zan nuna? Ran nan kawuna ya ce wai in nuna mishi abin da ke hana ni barci har ukun dare ina ƙarar da cajin sola, na buɗe mishi Postman, manhajar gwada bakend, na danna, JSON ya zubo, wato tsurar bayanai a rubuce, ya daɗe yana kallo sannan ya ce "to shi ke nan? wannan ai kamar kwamfutar ce ta lalace." Dariya na yi amma abin ya tsaya min a rai.

CV kam na tura wurare sun fi 15, Abuja, Legas, da na aiki daga gida. Biyu suka amsa, ɗaya ya ce in turo GitHub ɗina, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, na tura, tun daga ranar shiru kamar an shuka dusa. A ciki akwai ripo 23, wato furojek 23 da na ajiye, su todo, bulog, na duba yanayin gari, da irin su, gaskiya mafi yawa a YouTube na bi malami muka yi tare. To yanzu satifiket zan nema, ko in ƙara furojek, ko dole sai na koyi React na furontend don a samu abin kallo? Na gode.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ɗan Gusau ne amma ina aiki da wani kamfanin biyan kuɗi a Abuja, kuma ina cikin masu tace takardun yara in za mu ɗauki sabbi, shi ya sa bari in faɗa maka yadda abin yake daga wannan ɓangaren tebur ɗin.

Ripo 23 ɗin nan su ne matsalar, kar ka ji haushi. In na buɗe GitHub na mutum minti biyar ne da ni, wani lokacin bai kai ba, ina ganin todo da bulog na san malamin da aka bi, har sunan fayil iri ɗaya da na mutum goman da na duba kafin shi. Ba zan gane ko ka iya ba, iyaka na gane kana da data kuma kana da haƙurin kallon bidiyo. GitHub na ba ka damar maƙala ripo shida a saman shafinka, ni ko biyu ka maƙala ya isa, sauran ka ɓoye su.

Kuma ka daina cewa bakend ba a ganinsa. Kawunka ne ba zai gani ba, kuma ba shi zai ɗauke ka aiki ba. Mu muna gani sarai, kawai wurin da muke kallo daban ne. Ba ruwana da lokacin da komai ke tafiya daidai, wannan kowa ya iya. Ina son in ga me sistem ɗinka ke yi in abu ya ɓaci.

Misali. Kebbi garin shinkafa, ba za ka rasa ɗan uwa mai sito ko mai injin casa ba. Gina mishi abin lissafin kaya, buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya rabi. Da jin sa abu ne mai sauƙi ko? To buhu ɗaya ya rage a sito, yaron shago na Jega da na Birnin Kebbi suka danna sayarwa a daƙiƙa ɗaya. Kod irin na tutoriyal zai karanta ya ga saura 1 har sau biyu, ya sayar ma mutum biyu, gobe a yi rigima a bakin shago. In na buɗe naka na ga ka sa abin cikin transaction.atomic ka kulle layin da select_for_update don ciniki ɗaya ya gama kafin wani ya taɓa, kuma ka rubuta tes, wato kod mai gwada kod, da ke gwada wannan turereniyar, wlh na gama yanke hukunci a kanka, sauran intabiyu hira ce kawai.

Na biyu kuɗi. Kar in ga ka ajiye naira a float, wato lamba mai ɗigo. Buɗe Python yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2 ka ga abin da zai ba ka, 0.30000000000000004. A kobo ake ajiyewa, lamba cikakkiya, ko ka yi amfani da Decimal. Paystack ma, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a kobo suke karɓar adadi, naira dubu biyar 500000 za ka tura musu. Suna da makullin gwaji kyauta, wanda ke farawa da sk_test, ba sai ka sa ko sisi ba. Na uku, haɗa shi da aikinka. In an biya za su turo ma sabar ɗinka saƙon charge.success, kuma in ba su samu amsar 200 daga wurinka ba za su yi ta sake turowa, ka ga ke nan saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu ko uku. In kod ɗinka na ƙara ma kwastoma kuɗi duk lokacin da saƙo ya shigo to ka raba dukiyar mutane sadaka. Ka ajiye lambar shaidar kowane biya a databes, wato ma'ajiyar bayanai, ka hana ta maimaituwa, in ta sake zuwa ka amsa 200 ka ƙyale. Sannan ka tantance sa hannun da ke cikin x-paystack-signature, HMAC SHA512 ne da makullinka na sirri, in ba haka ba ko ni daga nan sai in turo maka saƙon ƙarya in ce na biya buhu ɗari.

Abu uku ke nan kacal, amma wanda ya yi su ya wuce kaso mai yawa na takardun da ke zuwa gabana.

Sai README, fayil ɗin bayanin furojek. Yara na raina shi alhali shi ne fuskar bakend. Me abin ke yi, wa aka yi ma, ya zan tada shi a kwamfutata, in da hali umarni ɗaya na docker compose up ya wadatar. Ka ƙara ɗan sashe ka ce na zaɓi kaza na bar kaza saboda kaza, ga kuma abin da ban gama ba. Mai faɗin gurguncin aikinsa da bakinsa na fi yarda da shi. Kuma don girman Allah ka duba kar fayil ɗin .env, inda ake ajiye makullai da kalmomin sirri, ya shiga GitHub. Na sha ganin kalmar sirrin databes a fili. Ko ka goge tana nan cikin tarihin kwamit, wato tarihin canje-canjen kod, sai dai ka canza ta gaba ɗaya.

React kuwa bar shi tukuna.

Yar_Argungu:

Yaya Baban Khalifa ya gama magana, ni dai ƙari zan yi da abin da ya faru da ni, don bara-bara nan na samu aikina na farko kuma daga ɗakin Mama a Argungu nake yinsa.

Ka ɗora shi a intanet ya zama yana aiki. Mutane da yawa ba za su sauke kod ɗinka ba balle su tada shi, amma in ka ba su adireshi za su danna. Tunda ka taɓa FastAPI ka san da kanta take fito da shafin /docs, mutum ya ga duk ƙofofin API ɗin, wato hanyoyin da ake magana da bakend, ya gwada su nan take, a Django kuma drf-spectacular na yin irin haka. To ka ga abin kallo ya samu ba tare da React ba. Ka zuba bayanan gwaji a ciki, ka rubuta sunan shiga da kalmar sirri ta gwaji a README. Bayanan ƙarya fa, kar ka kwaso sunayen kwastomomin kawunka da lambobin wayarsu ka baza, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ko ba doka ma ai amana ce.

Da can Heroku kowa ke zuwa ɗora aikinsa a intanet, sun rufe na kyauta tun Nuwamba 2022. Ni Render na yi amfani da shi, sai dai na kyautan in ya yi minti 15 ba mai taɓa shi barci yake, wanda ya fara dannawa sai ya jira kusan minti guda kafin ya farka. Ranar intabiyu ɗina na manta da wannan, na raba allo na danna, abu ya yi ta juyawa, mutum uku suna kallona ni kuma zufa har tafin hannu ga fanka ba wuta. Na ce musu sabar kyauta ce tana tashi daga barci, suka yi dariya, ɗaya ya ce to kafin ta tashi faɗa mana me ya sa take haka. Allah ya taimake ni na sani. Yanzu kullum ina rubuta gargaɗin a saman README, kuma na ɗauki bidiyo na minti uku ina nuna yadda abin ke aiki don ranar da netwok zai ci amanata.

Abin da ya ja hankalinsu a aikina kuwa ban taɓa zaton shi ba ne. Rajistar ɗalibai na yi ma wata islamiyya ta unguwarmu. Ranar farko malama ta shigar da Sa'adatu, sistem ya faɗi warwas, 500. Ta sa Mu'azu, ya sake faɗi. Ashe wannan ɗan waƙafin na cikin suna shi ke yanke min SQL, yaren ba databes umarni, don a lokacin haɗa rubutu nake kai tsaye in tura ma databes. Wato da wani mugu ne ya zo ta nan ƙofar zai bi ya kwashe komai, SQL injection da muke karantawa a takarda ga shi Sa'adatu ta nuna min shi a aikace. Na gyara na koma amfani da ORM, mai haɗa SQL ɗin a madadina, yadda ya kamata. Bayan nan aka zo neman Danjuma ba a gan shi ba saboda an rubuta shi Ɗanjuma, sai na ƙara wani gurbi da ke ajiye sunan ba lanƙwasa don bincike kawai. Lambar waya ma haka, wani ya sa 0803 wani +234803, uba ɗaya ya zama mutum biyu. Duk na rubuta labarin a README da tes ɗin kowanne. Rabin intabiyun a kan wannan muka yi shi, ba wanda ya tambaye ni satifiket.

In kana da lokaci kuma ka leƙa manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe, ko ƙaramin gyara ne aka karɓa daga hannunka shaida ce cewa wani baƙo ya karanta aikinka ya yarda. Akwai Outreachy, shirin koyon aiki a irin waɗannan manhajojin, wata uku daga gida, dala 7,000 suke biya, sai dai ka karanta sharuɗɗansu da kyau kuma gasar ba wasa.

Na_Talata:

Hmm. Duk maganganun ga gaskiya na, amma ku 'yan Abuja da 'yan rimot kuna mance inda yaron ga yake zaune. Ni nan Talata Mafara shekara shida ina cin abinci da PHP da MySQL, ba wanda yat taɓa ce min in kawo GitHub, rabinsu ba su san mi a shi ba. Mai makaranta so yake sakamakon ɗiyan mutane ya hito ranar hutu ba kuskure, mai kemis so yake ya san maganin da ya kusa lalacewa. In ka yi ma guda ya ji daɗi shi za ya kai ka wurin abokinai. Lambar wayar mutum guda da za ya ce "yaron ga ya yi min aiki, wata takwas bai tsaya ba" ta hi min ripo ashirin.

Kuma aikin nan gida shina koya ma mutum abin da ba ya cikin YouTube. Lokacin da anka rufe netwok a Zamfara cikin Satumba 2021 duk abin da na ɗora ma mutane a intanet ya zama hoto, sai mutum ya bar jiha kahin ya aika saƙo. Dole na koma na sa sabar cikin shagon kanta, tsohon laftof guda, shina aje komi, in netwok ya samu ya tura sama. Nan na san wahalar haɗa bayanai biyu da sunka saɓa, wane a gaskiya, na shago ko na sama. To wagga ba jarabawar da za ta koya maka ita.

Ni shawarata kar ka zauna jiran Legas. Tashi ka zaga makarantu da asibitocin kuɗi na Birnin Kebbi, ko kyauta ka yi ma na hwarko.

Baban_Khalifa:

Na_Talata ba mu saɓa ba ai, in ban da wurin kyautar nan. Kar ya yi kyauta, ko kuɗin data da na sabar a ba shi, abin kyauta ba a daraja shi kuma ba za su yi amfani da shi da gaske ba, alhali amfani da gasken muke nema. Sannan kai da ka yi wannan haɗa bayanan na lokacin rufe netwok, da za ka zauna ka rubuta yadda ka yi shi shafi biyu wlh da akwai inda za a kira ka. Kuna yin aiki mai wuya kuna barinsa a cikin laftof.

Na_Talata:

Turancin na a wahala yallaɓai 😂 amma na ji.

Ɗan_Gwandu:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta ya fi sau uku. Yaya Baban Khalifa na gwada 0.1 + 0.2 ɗin, kunya ta kama ni don duk furojek ɗina na kuɗi float ne. Tambaya ɗaya ta rage min, yanzu da ChatGPT ke rubuta komai, ya za ku gane ni na yi? Gaskiya ina amfani da shi sosai, kar in je in yi wahalar banza a ce inji ne ya yi. Sannan 3MTT da HNG fa, suna da amfani a CV?

Baban_Khalifa:

Mu ma muna amfani da shi a ofis, ba laifi ba ne. Ganewa kuwa ba ta da wuya. Zan buɗe fayil ɗinka in nuna layi in ce me ya sa wannan yake nan, in na cire shi me zai faru. Wanda ya kwafo sai ya fara karanta min layin da Turanci kamar mai fassara wa'azi. Ko in ce to mai sito ya ce daga yau akwai rabin buhu, ina da ina za ka taɓa? Wanda ya gina abin da kansa kafin in rufe baki ya fara lissafo tebur da tes ɗin da za su karye. Tarihin kwamit ma na magana, aikin wata biyu da aka yi kaɗan-kaɗan daban yake da wanda aka juye dare ɗaya da saƙon "final".

Ga irin tambayoyin da nake yi ma sabbi, ba sirri ba ne. Bambancin 401 da 403, na farko ban san ko kai waye ba, na biyu na san ka amma ba hurumin ka ba ne. Yaron shago zai iya ganin ribar mai gida in ya canza lamba a adireshi? Wannan na kama mutane da yawa, sun sa shiga da kalmar sirri amma ba su duba ko kayan na mai tambayar ne ba. Ya ka ajiye kalmar sirri, in na ji ba bcrypt ko argon2 ko abin da Django ke yi da kansa ba sai mu yi sallama. Shafin jerin bashi na ɗaukar daƙiƙa takwas, ina za ka fara dubawa? Ina son in ji ka ce za ka ƙirga sau nawa ake zuwa databes, don sau tari kwastoma 200 ne kod ke zuwa sau 201, select_related ya mayar da shi sau ɗaya, in ba nan ba ne ka sa EXPLAIN ANALYZE ka ga ko indes, mai saurin nemo layi a databes, ne babu. In ka taɓa yin irin wannan gyaran ka auna kafin da bayan, sa lambobin a CV. Layi ɗaya mai cewa na rage lokacin shafi kaza daga kaza zuwa kaza ya fi min jerin yaruka goma sha biyu da kuke cika takarda da su. Amma lambar da ka auna da hannunka, don zan tambaye ka da me ka auna.

In ba ka san amsa ba ka ce ban sani ba amma ga inda zan duba. Kame-kame ne ke kashe mutane.

3MTT shirin gwamnatin tarayya ne da ma'aikatar sadarwa ta fara a 2023 zamanin Bosun Tijani, in ka samu shiga, ko don mutanen da za ka sani. HNG kuma shirin koyon aiki ne ta intanet, matsin lamba ne mataki-mataki ana zubar da mutane, yana koya aiki da tawaga da cika wa'adi, sai dai ka tanadi wuta da data kafin ka fara. Takardarsu ita kaɗai ba ta sa na ɗauki kowa ba, ba ta kuma sa na ƙi kowa ba.

Bazamfara_01:

Ni dai na zo karatu ne, ina aji biyu a jami'ar tarayya ta Gusau. Yanzu na je na duba, .env ɗina na kan GitHub tun bara 😭

Yar_Argungu:

Maza canza makullan yau ɗin nan ƙanwata, ki sa shi a .gitignore don kar ya sake hawa GitHub, gogewa kawai ba ta isa ba.

Ɗan_Gwandu:

Na dawo da rahoto bayan sati biyar. Kawun nawa da ya ce kwamfuta ta lalace, ashe shi ne kwastoman farko, yana da sito a kasuwa kuma littafin bashinsa duk ya yage. Ya ba ni dubu goma na data. Na ɓoye ripo 21, na fara na siton, yaransa biyu na shigar da kaya ta shafin admin na Django a waya. Sati na biyu lissafi ya nuna saura buhu -2, na kwana ina neman dalili, ashe in netwok ya yi nauyi yaron danna maɓallin yake ta yi har sai ya ga ya wuce, ciniki ɗaya ya shiga sau uku. Na gyara, na rubuta tes, na sa a README kamar yadda Anti Yar Argungu ta ce. GitHub Actions ma, mai gwada tes ɗin da kansa, ya fara nuna koren alama.

Ban sake tura CV ba tukuna, ina so in gama haɗa Paystack. Sai dai databes ɗin kyauta da na ɗauka an ce yana da wa'adi, kuma yanzu bashin mutane na gaske ne a ciki, tsoro nake ji. Ina zan mayar da shi mai araha?

Na_Talata:

Kahin ka yi tunanin ƙaura yi pg_dump daren ga, wato ka kwafo databes ɗin gaba ɗaya, ka aje kwafi wuri biyu, sannan ka gwada maido shi ka tabbata shina buɗewa. Kuma ka raba na kawunka da wanda za ka nuna ma mutane. In ka gama taɓo ni in nuna maka ƙaramar sabar da nake haya duk wata, kawu za ya biya, ai bashinai na a ciki.